Littafi ma haja ne, mu ne muka daina ɗauko shi

Ranar Asabar ɗin da ta wuce na rufe shago da wuri a Kejetia, na biya wajen wani dattijo mai sayar da littattafai a hanyar Alabar. Ƙawa'idi na je saya wa ƙaramin ɗana, don nasa ya yage. Na same shi kamar kullum: Alƙur'anai a sama, Ahalari da Ishmawi da Risala a jere, tasbaha da turare a gefe. Na ce, "Baba, ina littattafan Hausan nan da kake ajiyewa a wancan lungu?" Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, wa zai kawo mini? Ku ne masu zuwa Kano. Kuna ɗauko shadda, kuna ɗauko kilishi, har maganin basir kuna ɗaukowa, amma ban ga wanda ya tuna da takarda ba."

Maganar ta tsaya mini a rai, domin a gidana akwai shaida. Babbar 'yata Hausa take yi da uwarta, tana jin yaren Tonawa kamar a Manhyia aka haife ta, Turanci kuwa ita ke karanta mini takardun haraji. Amma da na miƙa mata tsohon Magana Jari Ce da na gada, sai ta riƙa tuntuɓe a kan ƙ da ɗ, ta yi shafi ɗaya ta ajiye. Ba laifinta ba ne. Hukumar harsunan Ghana, wadda aka kafa tun 1951, tana buga littattafai cikin harsuna 11, Dagbani da Gonja da Ewe duk suna ciki, Hausa ba ta ciki. Yaron Zango ba zai haɗu da Hausa a rubuce a makarantar gwamnati ba. In bai gan ta a gida ko a kasuwa ba, to babu inda zai gan ta.

Kasuwa kuwa ita ce tsohuwar hanyar littafi a ƙasar nan. Ayarin da ya zo Gwanja neman goro bai zo da kanwa da tufafi kaɗai ba, akwai malamai a cikinsa da littattafansu cikin gafaka. Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano, ya zauna a Salaga, ya rasu a Kete Krachi a 1934, ya bar rubuce-rubuce da Larabci da ajami, har da littafin koyon rubuta wasiƙa. A zamaninsa in kana son littafi sai ka samu mai kyan hannu ya kwafa maka, ka jira, ka biya. Abin na malamai ne da masu hali. Da littattafan ɗab'i na Misira suka fara shigowa, irin na gidan Mustafa al-Babi al-Halabi a Alƙahira, sai almajiri ma ya iya mallakar Risalarsa. Wa ya kawo su har Kumasi? Alhazai da fatake.

Na boko kuma daga ofis ya faro. A 1933 wani Bature, Rupert East, da ke riƙe da hukumar fassara a Zariya, ya sa gasar rubuta labarai da Hausa. Daga nan aka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Gandoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. A 1939 jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito, Imam ne editanta na Hausa. A 1945 aka kafa kamfanin Gaskiya, a 1966 kuma NNPC ta Zariya. Aiki ne babba, ban raina shi ba. Sai dai babban mai sayen wannan kaya makaranta ce. Littafin da aka sa a manhaja zai yi ta fita shekara da shekaru, wanda ba a sa ba ya yi ta shan ƙura. Ɗan kasuwa ya san irin wannan ciniki: kwastoma ɗaya tal, ranar da aljihunsa ya bushe kai ma ka bushe. Haka kuwa aka yi a shekarun 1980, da tattalin arzikin Najeriya ya karye, takarda ta yi tsada, manyan kamfanoni suka janye daga buga labarai.

To a nan ne abin da ya fi burge ni ya faru, shi ya sa ma na ɗauko zancen. Matasa a Kano, maza da mata, suka daina jiran kamfani. Marubuci ya zama ɗan kasuwar kansa. Zai rubuta labarinsa, ya tara kuɗi ko ya ranta, ya kai wa mai injin buga katin biki da kalanda, a buga masa a takarda mai araha. Ba zai fitar da labarin duka ba. Sai ya yanka shi, na ɗaya, na biyu, na uku, ya tsaya daidai inda ran mai karatu zai tashi. Kuɗin na ɗaya su za su buga na biyu. Sannan ya ɗauki kayan ya kai wa dillalai a Sabon Gari, yawanci bashi, sai an sayar ya dawo karɓa. Ku gaya mini, da me wannan ya bambanta da yadda muke ba mata masu talla atamfa da safe su kawo ciniki da yamma? Daga Sabon Gari kaya su bi motocin Katsina da Sakkwato da Maraɗi, wasu su tsallako har nan. A unguwa kuma wani ya sayi guda ashirin ya riƙa ba da haya, littafi ɗaya ya zaga gida goma kafin bangonsa ya fita.

Ta wannan hanya In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ya shiga gidajen da littafin manhaja bai taɓa leƙawa ba. Haka Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda a 2012 wani kamfani a Indiya ya buga fassararsa ta Turanci. Masu ilimi sun yi ta kiran abin adabin kasuwar Kano da sigar raini, malamai sun yi wa'azi a kai, a 2007 har ƙona wasu aka yi a Kano. Akwai na banza a ciki, ba na musu; ni ma akwai waɗanda ba zan bari su kwana a gidana ba. Amma mata da yawa da aka cire daga makaranta aka yi musu aure, a kan waɗannan littattafai suka riƙe karatunsu. Uwargidana tana cikinsu.

Yanzu ita ma a waya take karatu. Marubutan sun koma WhatsApp, suna sakin labari shafi-shafi, mai so ya tura kuɗi a saka shi a rukuni. Wasu kuma ana karanta nasu da murya a YouTube. Tsarin na ɗaya da na biyu ne ya sake riga. Matsalar ita ce mutum ɗaya zai biya, ya kwafe, ya watsa wa ɗari. Na tambayi uwargida ko ta taɓa biya. Ta ce, "Maigida, ta yaya? Ni MoMo gare ni, su kuma lambar bankin Najeriya suke bayarwa." Gaskiyarta, amma ni da ke canjin sidi da naira duk mako ban taɓa cewa ta kawo in tura mata ba. Mu da za mu yi rantsuwa a kan wanda ya ci mana bashin yadi biyar, muna cin gumin wata baiwar Allah a Kano ko a jikinmu.

Na koma wajen Baba ranar Litinin muka yi lissafi. Takarda tana da nauyi, kwali ɗaya zai ci wurin dila guda a mota, ga Seme ga Aflao, ga faɗuwar kuɗi tsakanin saye da sayarwa. Riba ba za ta kai ta shadda ba, ko kusa. Amma littafi ba ya ruɓewa kamar goro, ba ya tsufa kamar yayin leshi. Muka shirya a kan kwali ɗaya a tafiyata ta wata mai zuwa: Magana Jari Ce duka uku, Ruwan Bagaja, littattafan koyon karatu na yara, da 'yan labaran da uwargida za ta zaɓa da kanta. Zan ba shi bashi, irin na Sabon Gari, sai ya sayar.

Ya ce in sun yi wata uku ba su motsa ba fa? Na ce sai mu gwada haya. 'Yata kuma na yi mata alkawarin sidi biyar a kan kowane labari da ta karanta mini da ƙarfi bayan Isha'i. Daren jiya ta karɓi biyar ɗin farko, ta ce a ajiye mata na gobe.