Aljihu, agogo da lafiyar ma'aikaci

Akwai cututtuka a biranenmu da ba su shigowa da zazzaɓi ko tari. Hawan jini da ciwon sukari, waɗanda a da ake kira ciwon masu hali, yau sun sauka gidan ƙaramin ma'aikaci da direba da ɗan tebur. In muka bi sawunsu, abu biyu za mu tarar: ƙarancin kuɗi da ƙarancin lokaci.

Mu fara da aljihu. Albashi mafi ƙanƙanta a ƙasarmu ya tsaya a jika 30 da ƴan kai tun 2012, sai a farkon 2024 aka kai shi jika 42. Kafin nan kuwa, takunkumin da ƙungiyar CEDEAO ta sa wa Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ya toshe hanyar Kwatano, wadda shinkafa da man girki suka saba bi, farashi ya hau. To, in kuɗin cefane ya gaza, nama da kifi da ƴaƴan itace ne ke fara fita daga kwando. Abin da ke saura shi ne shinkafa, taliya, garin rogo, da dunƙulen magi don miya ta yi daɗi. Ciki ya cika, amma jiki bai samu abin gina shi ba. Alhali Hukumar lafiya ta duniya, wato OMS, ta ce kada gishirin babban mutum ya kai giram 5 a yini, kamar cikin ƙaramin cokali guda, kuma ya ci ganye da ƴaƴan itace giram 400.

Sai batun agogo. Ma'aikacin da ke zaune a ƙarshen garin Yamai ko Maraɗi yana fitowa tun da sassafe. Karin kumallonsa burodi ne da shayi mai sukari a wurin mai shayi, da rana kuma shinkafa da mai a bakin titi. Uwargidan da ke zuwa aiki ba ta da sukunin surfe da daka, dole ta ɗora abin da ke saurin dahuwa. A ƙauye ba a ware wa motsa jiki lokaci, domin noma da daka da jan guga sun wadatar. A birni kuwa, daga kujera sai babur ko kabu-kabu. Hatta kokowa, wadda aka fara gasarta ta ƙasa a Tawa a 1975, a zaune muke kallonta a talabijin. OMS na neman minti 150 na motsa jiki a mako, wato tafiyar rabin awa da sauri, kwana biyar.

Magani bai fi ƙarfin talaka ba. Wake, ƙuli-ƙuli, zogale da nono suna gina jiki da kuɗi kaɗan, daddawa kuma tana rage buƙatar magi. Noman ranin da aka ƙarfafa bayan farin 1984, zamanin marigayi Seyni Kunce, yana cika kasuwanni da kabeji da karas da tumatir a lokacin sanyi. A sayi tumatir yana araha, a shanya. Wanda wurin aikinsa bai yi nisa ba, ya taka da ƙafa kafin rana ta yi zafi.

Amma nauyin ba na iyali kaɗai ba ne. Wajibi ne hukumomin gari su kare filayen wasa daga masu yanka fuloti, su gyara gefen hanya domin masu tafiya a ƙasa. Shugabannin ma'aikatu su shirya awon jini ga ma'aikatansu lokaci lokaci, tun da hawan jini ba ya sallama kafin ya kayar da mutum, maganinsa kuma galibi har ƙarshen rayuwa ake shan sa.

Lalle ne mu yi lissafi tun yanzu: kuɗin da muka hana mai sai da ganye, mai sai da magani za mu kai wa, har da ƙari.