Gidan Nassarawa: Yadda zama a gini ya koma hujjar sarauta a Kano

Tun asubahin Asabar 25 ga Mayun 2024, lokacin da Alhaji Aminu Ado Bayero ya sauka a filin jirgin saman Kano ya zarce ƙaramar fadar Nassarawa, rikicin masarautar ya rataya ne a kan gine-gine biyu. Muhammadu Sanusi II yana Gidan Rumfa a cikin birni, Aminu Ado yana Gidan Nassarawa a kan titin State Road, tafiyar 'yan mintuna daga gidan gwamnati. Kowane ɓangare ya san cewa ranar da ya fita daga ginin da yake ciki, jama'a za su ɗauka ya sallama.

Kwana biyu kafin nan, Majalisar Dokokin jihar ta soke dokar masarautu ta 2019, Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu, aka mayar da Sanusi. Gwamnan ya ba da umarnin kama Aminu Ado, 'yan sanda suka ce umarnin kotu za su bi. A ranar 20 ga Yuni, Mai Shari'a Abdullahi Muhammad Liman na Babbar Kotun Tarayya ya soke matakan da gwamnati ta ɗauka. A ranar ce kuma gwamnatin ta ce za ta fitar da mai zama a gidan domin rushe katanga da yin gyara. Ba a fitar da kowa ba. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta jingine hukuncin Liman a watan Janairun 2025, sannan a watan Maris ta dakatar da aiwatar da nata hukuncin har sai Kotun Ƙoli ta yi magana.

Shiga gini a zauna domin kafa hujjar siyasa tsohon salo ne. Ya yi tashe a biranen gabashin Turai bayan rushewar gurguzu, sa'ad da gine-ginen hukuma suka rasa takamaiman mai su. A Ljubljana, babban birnin Sulobeniya, matasa da masu fasaha sun mamaye tsohon barikin sojan Yugoslabiya na Metelkova a 1993 don hana rushe shi, kuma har yau wurin na nan a buɗe ga kowa. A Kano ma rashin tabbas ne ya buɗe ƙofa: doka ta ce kaza, kotu ta ce kaza, jami'an tsaro kuma na karɓar umarni daga Abuja. Sai dai mutanen Metelkova marasa ƙarfi ne da suka buɗe wa jama'a wurin da a da sojoji ke gadi. A Nassarawa, wurin da jama'a ke da rabo a ciki ne ya koma bayan shingen masu bindiga.

Rabon nan kuwa ba ƙarami ba ne. A harabar gidan makabartar sarakuna take, inda aka binne Alhaji Ado Bayero a watan Yunin 2014. Daga wurin aka samo sunan Hawan Nassarawa, wanda a zamanin Turawa sarki ke fita ya gaisa da Razdan, daga baya ya zama ziyarar gwamna, tare da zagaya unguwannin da ke wajen ganuwa. 'Yan sanda sun hana hawan Sallah a 2024, suka sake hanawa a 2025. Masu ɗinkin kayan doki, masu rini, masu otal da 'yan tireda sun san abin da hakan ya ci musu, ko da ba wanda ya zo ya tambaye su. Ma'aikacin da ke bi ta State Road zuwa ofis shi ma yana biyan nasa kason a duk ranar da aka tsaurara tsaro.

Gwamnatin jiha na cewa gidan kadarar masarauta ce, kuma wanda doka ta sauke ba shi da hurumin zama a ciki. Maganar tana da ƙarfi, amma bakin da ke faɗarta yana da tabo. Wannan gwamnati ce a watan Yunin 2023 ta tura motocin rusau filin sukuwa da ke Nassarawa, da tsohon otal ɗin Daula, da shagunan filin Idi, bisa hujjar cewa gwamnatin Ganduje ta cefanar da filayen jama'a, ta kuma rushe shataletalen ƙofar gidan gwamnati. Kotun tarayya ta yanke mata diyyar naira biliyan 30 ga 'yan kasuwar filin Idi, kafin a sasanta a kan biliyan 3. Ɗan kasuwar da ya ga an baje shagonsa cikin dare ba zai rasa lura da cewa gini mai sojoji a ƙofa bai taɓu ba.

A ganina kuskuren da ake yi shi ne ɗaure makomar gidan da makomar karaga. Wane ne sarki, wannan aikin kotu ne. Amma wa ke da ikon kula da makabartar, wa zai iya kai ziyara, wa ke biyan kuɗin gadin, kuma da wace doka ake taƙaita zirga-zirga a kan titin, tambayoyi ne da dattawan Kano da Majalisar Dokoki za su iya neman amsarsu yanzu, ba sai an jira Kotun Ƙoli ba.