Jirgin Kashe Gobara Ba Abin Ganin Ido Ba Ne

A ƙasashe masu manyan dazuzzuka, kamar Amurka da Ostareliya, in gobarar daji ta tashi akan aika da jiragen sama su yi mata feshi. Jirgi yakan sauko ƙasa ƙasa, dab da kan itatuwa, cikin hayaƙi da hucin wuta, ya zubo ruwa ko wani jan magani da aka haɗa da takin zamani. Dabara ce mai kyau, ba shakka. Amma yadda mahukunta ke tafiyar da ita akwai abin zargi, gama matuƙa suna hallaka a kan laifin da ba nasu ba.

Laifi na farko shi ne son araha. Shekara da shekaru Hukumar Gandun Daji ta Amurka ta yi ta hayar tsofaffin jiragen da soja suka gama cin moriyarsu. Ran 17 ga Yuni 2002, a jihar Kalifoniya, wani irinsu mai suna C-130, ƙirar 1957, yana cikin feshi sai fikafikansa biyu suka ɓalle, mutum uku suka mutu. Ran 18 ga Yuli kuma, a Kolorado, fiffiken wani jirgi na zamanin Yaƙin Duniya na Biyu ya karye, mutum biyu suka rasu. Masu bincike suka tarar ƙarfen ya gaji, ya daɗe yana tsagewa ba a lura ba. Duk da haka sai cikin 2004 aka soke hayar manyan jirage 33. Ashe gaskiyar Hausawa da suka ce araha ba ta ado.

Laifi na biyu shi ne tura jirgi sa'ad da bai kamata ba. Ran 23 ga Janairu 2020, a Ostareliya, matuƙin ƙaramin jirgin da ke yi wa manya jagora ya ƙi tashi saboda mugunyar iska. Ba a gaya wa mutanen babban jirgi wannan ba, aka bar su suka tafi. Suna gama zuba magani jirgin ya faɗi, Amurkawa uku suka riga mu gidan gaskiya.

Wani zai ce, to, gidajen mutane na ci, sai a naɗe hannu a zuba ido? A'a. Amma a sani, maganin nan rage wa wuta gudu yake yi. Masu kashe ta su ne mutanen ƙasa, masu sara da share hanya a gabanta, kamar yadda manomi ke share kewayen rumbunsa da kaka. Amfanin jirgi ya fi yawa tun wuta tana ƙarama. In iska ta yi ƙarfi, sai ta kwashe maganin ta watsar inda ba a nufa ba. Watau an yi asarar dukiya, an kuma sa rai cikin hatsari, don dai jama'a su ɗaga kai su ce hukuma tana aiki.

Saboda haka wajibi ne a riƙa binciken ƙarfen kowane jirgi gwargwadon wuyar aikinsa. In wani matuƙi ya ƙi tashi, a sanar da sauran nan da nan, kada kuwa a kira shi matsoraci. Sa'an nan kada jirgi ya yi feshi inda babu mutanen ƙasa masu ƙarasa aikin. Daji in ya ƙone, damina za ta mai da shi kore, amma matuƙi in ya tafi ba shi komowa. In kunne ya ji, jiki ya tsira.