Mu Dubi Halitta: Gawo da Irinsa

A makon jiya mun fita bayan gari da 'yan aji shida, muka ce kowa ya tsinto iri guda. Wani ya komo da ƙarangiya manne a ƙafar wando, wata kuwa ta kawo ɗan tumfafiya da ya fashe, audugarsa tana tashi cikin iska. Muka ce musu, tsiro ba shi da ƙafa, amma kowanne yana da hanyar aika 'ya'yansa nesa. Ƙarangiya takan hau mutum ko dabba, tumfafiya da rimi sukan bi iska. Amma abin da ya fi tsayar da mu shi ne 'ya'yan gawo da wani yaro ya ƙwace daga bakin akuya.

Ƙwayar irin gawo tana da ɓawo mai tauri ƙwarai, ruwa ba ya ratsa shi da sauƙi. In akuya ko saniya ta ci 'ya'yan, waɗansu ƙwayoyin sukan wuce ta cikinta lafiya, ɓawon ya yi laushi, su fāɗi tare da kashin dabbar. Ga iri, ga taki, wuri ɗaya. Shi ya sa mukan ga ƙananan gawo inda garke ya kwana.

Sa'an nan ku dubi halinsa. Da damina, lokacin da sauran itatuwa suka yi kore, shi sai ya kaɗe ganye. Da rani kuwa ya yi shar, gama saiwarsa takan nutsa ƙasa ƙwarai har ta tarar da ruwa. Saboda haka ba ya tare wa gero rana, ganyen da ya zubar kuma ya zama taki daidai lokacin shuka. Gawo dangin wake ne da gyaɗa. A saiwoyinsa akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, masu jawo naitirojin daga iska, wato abin nan da muke saye da tsada cikin buhun takin zamani. Wanda ya taɓa noma gindin gawo ya san zangarniyar wurin dabam take.

Sarakunan Damagaram na dā sun hana saran gawo. Tun wajen 1984 kuma manoman Maradi da Damagaram suka shiga barin tohon itatuwa a gonakinsu suna yi masa gyara, har ƙasa wajen hekta miliyan 5 ta farfaɗo a Nijar.

To, iyaye, ga lokacin sharar gona ya zo. Ɗan gawo ƙaya ne kurum a ido, mai gatari kuwa ba ya tambaya. In mun tarar da shi, mu kafa masa sanda, mu rage rassan ƙasa, mu nuna wa yara domin kada su sare. Mai dafa abinci na bukatar itace, gaskiya ne, amma a ɗebi reshe a bar uwa.

Sai wata mai zuwa, za mu dubi kuka.