Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Gwamnan Katsina: Man Nijar Da Tsaron Sabuwa

Mai girma Gwamna,

Nijar, maƙwabciyar Katsina, na da man fetur. Kamfanin CNPC na Sin ke haƙo shi a Agadem. Shi ne kuma ke da kaso mafi tsoka a matatar SORAZ ta Damagaram da aka buɗe a 2011, kuma shi ya shimfiɗa bututu mai tsawon kusan kilomita 2,000 zuwa gaɓar tekun Benin.

Tun juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 manyan ƙasashe ke ja-in-ja a kan wannan maƙwabciya. Sojojin Faransa sun tattara nasu-ya-nasu a Disamba 2023. Masu horar da sojoji daga Rasha sun sauka Yamai a Afrilu 2024, kuma a shekarar Amurka ta bar sansanin jirage marasa matuƙa na Agadas. Nijeriya ta rufe iyaka har zuwa Maris 2024, daga baya Nijar ta fice daga ECOWAS.

Ƙaramar hukumar Sabuwa ba ta kan iyaka, amma ba ta tsira daga illar wannan ja-in-ja ba. Bindigogin da suka bazu a Sahel tun faɗuwar Gaddafi a 2011 ta ɓarauniyar hanya suke shigowa, su ratsa dajin Rugu, su gangaro Ƙanƙara da Faskari, su haɗe da dazukan Birnin Gwari. Duk ranar da jami'an tsaron Maraɗi da na Jibiya suka daina musayar bayanai, kasuwar dillalin makamai ta buɗe, manomin Sabuwa kuma shi ke biyan kuɗin fansa da harajin shiga gonarsa. Ɗaliban Ƙanƙara fiye da 300 da aka sace a Disamba 2020 sun isa shaidar irin ƙarfin da 'yan bindiga suka tara.

Hulɗar ƙasashen waje aikin Abuja ce, amma zumuncin Katsina da Maraɗi ya girmi iyakar da Turawa suka shata. Ya kamata gwamnatin jiha ta farfaɗo da zaman tsaro irin wanda gwamnonin Katsina da Zamfara da Sakkwato suka yi da takwaransu a Maraɗi a 2019, a sa sarakunan ɓangarorin biyu a ciki, ko da wace ƙasa ce ke ɗasawa da Yamai. Askarawan jihar da aka kafa a 2023 na buƙatar bayanan sirri daga ƙetaren iyaka. Ɗan majalisar wakilai na Faskari, Ƙanƙara da Sabuwa shi ma ya kai wannan batu zauren majalisa ba tare da ɓata lokaci ba.