Larabar Toka: ba a fafe gora ranar tafiya

Sau ɗaya a shekara, ranar wata Laraba, mabiya ɗarikar Katolika a Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa kan fito daga coci da alamar gicciye ta toka a goshinsu. Tokar ta ganyen dabinon da aka yi biki da shi ne bara, aka ƙona shi. Limamin coci yana shafa wa kowa, yaro da babba, mai kuɗi da talaka, yana tuna masa cewa daga ƙasa aka yi shi kuma can zai koma. Da wannan ake buɗe azumin kwana 40 kafin bikin Paska.

Matasa da yawa ba sa son wannan zance. A ganinsu maganar mutuwa ta tsofaffi ce da marasa lafiya, wasu ma suna ɗaukar ta kamar jawo wa kai tsautsayi. Wannan kuskure ne, kuma hanyar hamada ta isa shaida. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawarwaki 92 a arewacin Arlit, na mutanen da ƙishirwa ta kashe bayan motocinsu sun lalace a kan hanyar Aljeriya. Akasarinsu mata ne da ƙananan yara. Babu wanda ya bar gida da niyyar mutuwa a cikinsu.

A koyarwar Kirista, mutuwa ba ita ce ƙarshen labari ba. Tushen addinin shi ne imani cewa Yesu Almasihu ya mutu ya kuma tashi, don haka mai bin sa yana sa ran tashin matattu da tsayawa gaban shari'ar Allah. Wannan imani bai hana kuka ba, domin Linjila ta nuna Yesu da kansa ya zubar da hawaye a kan mutuwar abokinsa Li'azaru. Abin da yake hanawa shi ne yanke ƙauna da kuma sakaci.

A Linjilar Luka akwai misalin wani manomi da gonarsa ta yi albarka har rumbunansa suka kasa. Ya yanke shawarar rushe su ya gina manya, ya zauna ya ci ya sha shekaru. A daren ranar aka karɓi ransa. Laifinsa ba noman ba ne, lissafin da ya yi ne ba tare da Allah ko maƙwabci a ciki ba. Duk ɗan ci-rani da ke cewa sai ya gama ginin gida sannan zai gyara tsakaninsa da Allah da mutane, irin wannan lissafin yake yi.

To, mene ne shirin? Katolika suna da furta zunubi gaban limami, da shafa wa mara lafiya mai, da cin Jibin Ubangiji na ƙarshe. Suna kuma ware ranar 2 ga Nuwamba don yi wa matattu addu'a. Majami'un bishara ba su yarda addu'ar masu rai tana sauya makomar mamaci ba, shi ya sa suke matsa wa mutum ya tuba ya ba da gaskiya tun yana numfashi. Duk da wannan bambanci, sun haɗu a kan abu guda: tuba ta gaskiya tana tafiya da aiki. Wanda ya ci amanar kuɗin da ɗan uwansa ya turo daga Libiya, ya mayar. Wanda ya shekara biyar ba ya ɗaga wayar mahaifinsa, ya kira shi. Mai bashi ya rubuta abin da ake bin sa, mai iyali ya bar wasiyya, don kada matarsa da ƴaƴansa su gaji rikici a kan fili.

A nan akwai gyara ga wasu masu wa'azi. Wanda ke gaya wa jama'a cewa mai cikakken imani ba ya ciwo, ba ya mutuwa da ƙuruciya, yana cutar da su ne. Yana sa mara lafiya ya ƙi zuwa likita, ya kuma hana shi damar yin sallama da iyalinsa. Tarihin Kiristocin ƙasar nan ma bai goyi bayansa ba: ƴan mishan ne suka buɗe asibitin Galmi a 1950, don sun san addu'a da magani ba kishiyoyi ba ne.

Mutuwa rigar kowa ce, in ji Hausawa. Tokar goshi tana gogewa kafin dare, amma bashin da ba a biya ba da gafarar da ba a nema ba suna nan suna jiran mai su. Wanda yake da rai yau, yau ɗin ce ranar gyara.