Na'ura Mai Saurare da Koyon Turancin Asibiti a Ƙasar Ƙanƙara

Ma'aikacin lafiya a garin Ƙetare da harshe biyu yake aiki. Da Hausa yake karɓar marar lafiya, ya tambaye shi abin da ke damunsa, ya kwantar masa da hankali. Amma katin asibiti, da takardar tura majinyaci babban asibitin Ƙanƙara ko na Funtuwa, da bayanin da zai yi wa likita ta waya, duk da Turanci ake yin su. Matasan Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa masu karatu a makarantun fasahar lafiya na Kankiya da Daura, ko makarantar ungozoma ta Malumfashi, ko ta koyon jinya a Katsina, sukan fito da Turancin karatu da rubutu daidai gwargwado. Inda gizo ke saƙa shi ne magana da baki. Ɗalibar da ta haddace alamomin jijjigar mai ciki tana iya daburcewa idan aka ce ta tsaya gaban likita ta zayyana su cikin minti ɗaya, domin ba ta taɓa samun wurin gwadawa ba.

Wannan giɓi ne ake ƙoƙarin cikewa da fasahohi biyu. Ta farko ita ce fasahar gane magana, wadda ke sauraren murya ta mayar da ita rubutu. Ta biyu manhajar hira ce, wadda ke karanta abin da aka faɗa ta ba da amsa kamar mutum. Tunanin ya daɗe. Tun 1966 Joseph Weizenbaum ya ƙera wata manhaja mai suna ELIZA a jami'ar MIT ta Amurka, tana kwaikwayon likitan ƙwaƙwalwa ta hanyar juya maganar mutum ta zama tambaya. Abin da ya sauya lamarin shi ne shekarar 2022. A watan Satumba kamfanin OpenAI ya saki Whisper, manhajar gane magana wadda aka horar da sa'o'i 680,000 na muryoyin mutane, sannan a watan Nuwamba ya saki manhajar hira ta ChatGPT. Idan aka haɗa irin waɗannan biyu da murya mai karanto amsa, wayar hannu takan zama abokiyar hira.

A darasi, ana umartar manhajar ta zama likitan da ke bakin aiki a babban asibiti. Ɗalibar kuma ta zama ma'aikaciyar ƙaramin asibiti da aka kawo wa mai ciki tana jijjiga. Akwai tsari mai matakai huɗu da ma'aikatan jinya a ƙasashe da dama ke bi wajen miƙa majinyaci, wanda ake kira SBAR: a faɗi halin da ake ciki yanzu, a kawo tarihin ciwon a taƙaice, a faɗi abin da aka auna da abin da ake zato, sannan a nemi abin da ake so a yi. Ɗalibar ta yi bayani da bakinta. Maganarta ta bayyana a rubuce a fuskar waya, ta ga kalmar da na'ura ta ji daidai da wadda ta ji a karkace. Likitan na waya ya tambaye ta awon jinin matar, da watannin cikin, da ko an yi mata allurar da ake yi wa mai jijjiga. Idan ta tsallake wani mataki, a tuna mata, ta sake daga farko.

Babban amfanin wannan hanya yana wajen kunya. A aji mai cike da ɗalibai, wanda ya furta kalma ba daidai ba aka yi masa dariya sau ɗaya, da wuya ya sake ɗaga hannu, kuma 'yan mata sun fi shan wannan wahala. Waya ba ta dariya, ba ta gajiya. Ana iya maimaita jimla guda sau ashirin bayan sallar isha'i ba tare da kowa ya ji ba.

Sai dai kunnen na'ura bai saba da kowace murya ba. A 2020 masu bincike a jami'ar Stanford sun gwada manhajojin Amazon da Apple da Google da IBM da Microsoft, suka tarar suna kuskuren kusan kalma 35 cikin 100 a maganar baƙaƙen fatar Amurka, alhali a ta fararen fata kusan 19 ne. Waɗannan fa mutane ne da Turanci ne harshensu na gida. Bahaushe yana da nasa lafazin. Sautin p da na f sukan haɗe masa, v ta koma b, ya kuma saƙa wasali tsakanin baƙaƙen da suka cunkushe. Wani lokaci laifin na na'ura ne, domin kowane likita a Katsina ko Shika zai fahimci abin da ɗalibin ya faɗa. Wani lokaci kuma kuskuren da ta nuna na gaske ne, mai iya taɓa rai. Tsakanin "fifteen" da "fifty" akwai bambancin sha biyar da hamsin a ma'aunin magani. Tsakanin "hypo" da "hyper" akwai bambancin sugan da ya faɗi da wanda ya hau, kuma maganin ɗaya guba ne ga ɗayan. Aikin malami ne ya raba waɗannan kurakurai biyu. Manhajar da ke rage wa ɗalibi maki don bai yi magana irin ta ɗan Amurka ba ɓata masa lokaci take yi. Abin da ake nema shi ne a ji lamba da sunan magani sarai ta waya, ko da layi na yankewa.

An fara gyara wannan kunne daga gida. Wani likita ɗan Najeriya, Tobi Olatunji, wanda ya kafa kamfanin Intron Health, ya jagoranci tattara muryoyin da aka fitar a 2023 da sunan AfriSpeech-200. Sa'o'i 200 ne na Turancin asibiti da na yau da kullum, daga bakin mutane sama da 2,400 a ƙasashe 13, masu lafazi iri 120, har da na Hausawa. Idan aka kwatanta da sa'o'i 680,000 kaɗan ne ƙwarai, amma ya nuna cewa na'urar da aka ƙara wa horo da muryoyin Afirka tana rage kuskure.

Akwai kuma abin da ya fi lafazi wuya. Majinyaci a Ƙetare ba ya zuwa da sunan cuta na littafi. Cewa zai yi sanyi ne ya kama shi, kuma sanyi na iya nufin ciwon gaɓoɓi, ko ciwon mafitsara, ko cutar da ake ɗauka ta saduwa. Shawara na iya zama idon da ya yi rawaya, tana iya zama kasala da zazzaɓin da ya ƙi sauka. Basir kuwa ya haɗiye cututtukan ciki da na dubura masu yawa. Ma'aikacin da ya ɗauki kalmar ya juya ta kai tsaye zuwa Turanci ya ɓatar da likita. Dole ya tono da tambaya: a ina yake ciwo, tun yaushe, da jini ko babu, me aka sha a gida. Abin da ya gano shi zai faɗa da Turanci. Manhajojin da aka gina a Turai da Amurka ba su san wannan mataki ba, kuma Hausar da suke ji har yanzu ba ta nuna ba. Darasin da ya dace da yankin shi ne wanda malamin jinya Bahaushe ya rubuta koken majinyacin da Hausa, ɗalibi ya yi tambayoyinsa, sannan ya miƙa bayanin ga na'ura da Turanci.

Haɗari biyu ne ya kamata a sani. Na farko, waɗannan manhajoji sukan ƙirƙiro magana su faɗe ta da cikakken tabbaci. A watan Oktoba na 2024 kamfanin dillancin labarai na AP ya ruwaito cewa Whisper na cusa jimlolin da babu wanda ya furta, har a rubutun ganawar likita da majinyaci. Don haka adadin magani daga littafin aiki da bakin malami ake ɗaukarsa, wayar ta tsaya ga gyaran harshe. Na biyu sirri ne. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta sanya bayanan lafiya cikin waɗanda ake tsananta tsaronsu, saboda haka ba a atisaye da sunan majinyaci na gaske ko labarin da za a gane shi da shi.

Ragowar matsalar ta layi ce da wuta. A watan Satumba na 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda matsalar tsaro, ciki har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, aka shafe watanni babu waya. Ko a lokacin da layi ke nan, kuɗin data da cajin waya nauyi ne a kan ɗalibi. Shi ya sa manhajar da ake saukewa sau ɗaya ta yi aiki ba tare da intanet ba ta fi dacewa da wannan yanki, ko da ba ta kai manyan wayo ba. Makaranta na iya ajiye kwamfuta guda mai aiki da hasken rana, ɗalibai su riƙa shiga bi da bi, malami ya saurari abin da suka naɗa sau ɗaya a mako, kafin ranar jarrabawar aikin hannu da za su tsaya gaban masu duba su.